Ruwa Na Cin Yaranmu: Ido Ga Na Goye, Iyo Ga Na Makaranta

Duk wanda ke riƙe da babbar waya a 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton bidiyon nan ba, inda ake nuna jariri ɗan wata shida ko takwas a Amurka ko Turai an saka shi cikin kwamin iyo, ya nutse, can sai ga shi ya taso ya juya rigingine yana shawagi a saman ruwa, uwarsa na gefe tana tafi. Ana ta tura wannan hoto a WhatsApp daga rumfa zuwa rumfa. Wasu su ce wannan rashin imani ne, wasu kuma su ce ci gaba ne da ya kamata mu ma mu kwaikwaya.

Mu a wannan jarida ba mu ɗauki maganar da wasa ba, domin kuwa a bayanta akwai wata tambaya da ta shafi kowane gida a Galma Kudawace da sauran garuruwan gundumomin Madawa da Buza da Keita: yaya za mu yi da yaranmu da ruwa ke ci duk damina? A namu ra'ayi, amsar ba ta cikin jefa jarirai a ruwa, kuma ba ta cikin bulala da tsawa kaɗai, waɗanda muka daɗe muna dogara da su.

Sanin kowa ne cewa mutanen wannan yanki na jihar Tawa ba mutanen kogi ba ne. Ba mu tashi a bakin ruwa kamar Sarkawa ko mutanen Argungu ba, inda yaro ke koyon iyo kusan tare da koyon tafiya. Mu wata takwas ko tara muke yi muna neman ruwa da guga, sa'an nan a wata uku ya zo mana gaba ɗaya. Ruwan da ya sauka a kan duwatsun Adar ba ya tsayawa shan iska; gangarowa yake yi da ƙarfi ta koramu ya faɗa kwarin Majiya ko kwarin Tarka. Koramar da yaro ya tsallake da safe a bushe, yana iya dawowa da azahar ya tarar ta cika tana tafe da itace, alhali ko ɗigo bai sauka a garinsu ba, can sama aka yi ruwan. Ke nan yaronmu yana haɗuwa da ruwa mai haɗari ba tare da ya saba da ruwa mai sauƙi ba.

Bugu da ƙari, ruwan da ke kwance a kewayenmu yau ya fi na zamanin kakanninmu. Tun daga 1984 da aka soma babban aikin raya karkara na Keita da tallafin ƙasar Italiya, an gina madatsun ruwa da dama, an dasa miliyoyin itatuwa, kuma mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na wannan wahala. Ga madatsar Ibohaman, ga na Mozage da Zango a kan Majiya. Ga dubban rijiyoyin lambun albasa a fadamun Tarka, da yawansu baki buɗe, daidai da ƙasa. Ga ramukan da ake haƙa don buga tubali a gefen kowane gari, ga waɗanda masu aikin hanya ke bari bayan sun kwashi ƙasa sun tafi. Babu mai musun alherin madatsai da rijiyoyin nan. Da su muke noman rani, da su albasarmu ke kai wa Abijan da Ankara da Kwatano. Sai dai mun ƙaru da ruwa, ba mu ƙaru da sanin yadda yaro zai tsira a cikinsa ba.

Alƙaluman duniya sun isa su tayar mana da hankali. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba 2024, ta ce kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Rahoton ya nuna cewa daga 2000 zuwa 2021 yawan irin wannan mutuwa ya ragu da kashi 38 cikin ɗari a duniya, amma a Afirka da kashi 3 kacal ya ragu. A nan gida kuwa, hukumomi sun bayyana cewa ambaliyar daminar 2024 ta hallaka kusan mutum 400 a Nijar, wasu gini ya faɗo musu, wasu ruwa ya tafi da su, har ta kai an ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen watan Oktoba. To amma wannan lissafin ambaliya ne. Yaron da ya faɗa ramin tubali ranar da rana ke haske tarwai, sau da yawa ba ya shiga takardar kowa. A yi masa sutura kafin la'asar, a ce kwana ya ƙare, bayan kwana uku kowa ya koma sabgarsa, ramin kuma yana nan yana jiran wani.

Dalilin da ya sa muke magana da ku 'yan kasuwa, musamman mata, shi ne ranar kasuwa tana cikin ranakun da ido ya fi ɗaukewa daga kan yaro. Uwa ta tashi tun asuba ta yi suya, ta ɗora tire ko ta hau amalanke. Na goye yana baya, amma ɗan shekara biyu ko uku, wanda ya fi ƙarfin goyo bai kuma kai hankali ba, an bar wa yayarsa 'yar shekara bakwai. Ita ma yarinya ce. Da ta ji ƙawayenta na wasa, shi ke nan. In kuma an taho da shi kasuwar, uwa na ciniki, tana ƙirga canji, tana auna mudu, shi kuwa ya bi bayan rumfa inda ruwa ya kwanta. Ba mu faɗi haka don ɗora wa uwa laifi ba. Wadda ba ta fita ba, gidanta ba zai ci ba. Laifin na tsarin da ya bar ta ita kaɗai ne da kaya a ka, ɗa a baya, wani ɗan a ƙasa.

Akwai abin da ya kamata kowace uwa ta sani. Ƙaramin yaro ba ya ihu in yana nutsewa, ba ya kuma fantsama ruwa yadda ake nunawa a fim. Shiru yake yi, domin duk ƙarfinsa ya tafi wajen neman numfashi. Kansa yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da jikinsa, saboda haka in ya leƙa bokiti ko baho ya kifa ciki, ba ya iya ɗagowa. Ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba ya isa ya kashe mai rarrafe. Kuma in numfashi ya tsaya, cikin 'yan mintoci ƙwaƙwalwa ke soma lalacewa. Lokacin da za ki juya ki sallami mai sayen ƙosai biyu ya isa.

To ina maganar koya wa jarirai iyo? Ko a ƙasashen da ake yin abin, likitoci ba su ɗauke shi rigakafi ba. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, a matsayar da ta fitar a 2019, ta ce yara da yawa na iya soma darasin iyo daga shekara ɗaya, amma babu wata hujja da ta nuna cewa darasin da ake yi wa jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya yana rage nutsewa. Ta kuma ja kunne cewa babu darasin da ke sa a ɗauke ido daga kan yaro. Sa'an nan a tuna, abin da muke gani a waya ana yin sa ne a ruwa mai tsabta, mai ɗumi, wanda ake ganin ƙasansa, ga malami a tsaye hannunsa na kusa da yaron. Namu tabkin ruwan laka ne, dabbobi na sha suna fitsari a ciki, jaririn da ya haɗiye shi gudawa ce za ta biyo baya. Saboda haka muna faɗa da babbar murya: kada wanda ya gwada wannan abu da ɗansa a tabki ko a baho don ya gani a bidiyo.

Shawarar da ta fi dacewa da mu ita ce wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2021, inda ta raba yara gida biyu. Waɗanda ba su kai shekara 6 ba, a samar musu wurin reno inda babba zai sa musu ido da rana. Waɗanda suka kai shekara 6 zuwa sama, a koya musu iyo da dabarun tsira a ruwa. Wannan shawara ba daga ƙasar masu kuɗi aka samo ta ba. Tushenta Bangaladash ne, ƙasar talakawa manoma, galibinsu Musulmi, inda ruwa ke kan gaba wajen kashe ƙananan yara. Da suka bincika sai suka gano yawancin yaran na nutsewa ne kusa da gida, tsakanin ƙarfe 9 na safe da 1 na rana, lokacin da uwaye ke cikin aiki. Sai suka riƙa zaɓen mace guda a unguwa da mataimakiyarta, a horar da su, a tara musu yara a ɗaki ɗaya a waɗannan sa'o'i. Manyan yaran kuma aka kafa musu shinge da dandamalin gora a cikin tabkin ƙauye, ana koya musu iyo. Binciken da aka buga a 2012 ya nuna mutuwar nutsewa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari a tsakanin yaran da ke gidajen renon, ta kuma ragu da fiye da kashi 90 a tsakanin waɗanda suka koyi iyo.

Shin akwai abin da ya fi ƙarfinmu a nan? Matan Nijar ne suka koya wa duniya asusun Mata Masu Dubara, wanda aka soma a jihar Maraɗi a 1991, yau kuma ake kwaikwayonsa a ƙasashe da dama. Matan da suka iya tara kuɗi duk mako, su ba da rance, su raba riba ba tare da rigima ba, ba za su kasa tsara renon 'ya'yansu ba. Muna ba da shawara kowace ƙungiyar asusu ko adashi ta ware rumfa guda a kasuwa, ko ɗaki guda a unguwa, mai ƙyaure ko shingen kara, nesa da rijiya da rami. A samu dattijuwa mai sauran ƙarfi da budurwa mai hankali su zauna da yaran daga hantsi zuwa azahar, ko har kasuwa ta watse. Kowace uwa ta kawo ɗan abin da aka amince, ko da dala 20 ne, tare da kunun ɗanta. Inda kuɗin ya gagara, a yi karɓa-karɓa: yau wance ta zauna, sauran su sayar mata da kayanta, mako mai zuwa wata ta karɓa. Sarkin kasuwa ya ba da wurin kyauta, manyan 'yan kasuwa da dillalan albasa su sa kwano da ƙyaure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A cikin gida kuma akwai aikin da ba ya bukatar ko sisi. A kifar da baho da bokiti da zarar an gama wanki. A rufe randa da duro da murfi mai nauyi. Rijiyar gida da ta lambu a ɗaga bakinta, a sa mata marufi ko a gitta itace a kewaye da ƙaya. Ramin shadda da aka haƙa ba a gama ba kada ya kwana a buɗe da damina. Wanda ya haƙa ramin tubali ya ci amfaninsa, shi ne ya fi cancanta ya kewaye shi.

Game da yaran da suka kai shekara 6, mun san da yawa daga cikin iyaye za su ce: in ka koya masa iyo ai ka ba shi lasisin zuwa tabki ke nan. Muna girmama wannan tsoro, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Hutun makaranta na ƙarshen shekara yana faɗowa ne a tsakiyar damina. Yaran nan suna zuwa tabki, mun sani, sun san mun sani. Wanne ne cikinmu bai taɓa komawa gida da jan ido da farar ƙafa ya sha bulala ba? Bulalar ba ta hana shi komawa washegari ba, ɓoyewa kawai ta koya masa. Ga masu kiwo da ke kai dabbobi shan ruwa, ga almajirai da ke wanki a bakin tabki, ga masu tsallake korama zuwa gona. Tun da ba za mu iya raba su da ruwa ba, gara su shige shi da sani.

Kuma iyon da muke nufi ba tsalle daga kan gada ba ne. Ma'aunin da aka yi aiki da shi a Bangaladash ɗan kaɗan ne: yaro ya iya tafiyar mita 25 a ruwa, ya iya tsayar da kansa a saman ruwa na daƙiƙa 30, ya kuma san yadda zai ceci wani daga tudu ba tare da ya faɗa ba. Lokacin da ya fi dacewa a nan shi ne bayan ɗaukewar ruwa, sa'ad da koramu suka daina gudu, tabkuna suka kwanta. A zaɓi wuri marar zurfi, a tattake ƙasansa a tabbatar babu rami ko laka mai riƙe ƙafa, a kafa turaku da igiya. Yara kaɗan-kaɗan ga kowane mai koyarwa, wani babba kuma na tsaye a tudu da sanda da igiya ba abin da yake yi sai ƙirga kawuna. Masunta da ke kamun kifi a madatsai da tabkunan yankin suna da wannan sani. Abin da ya rage a horar da su yadda ake koyar da yaro, a kuma biya su. Sai dai wanda ke da farfaɗiya, wannan kada ya kusanci ruwa sai da shawarar likita da babba a gefensa.

Akwai matsalar tsargiya, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Ruwan tabki ne ke kawo ta, kuma yaron da ke fitsarin jini ba balaga ya yi ba, ciwo ne. Tun 2004 ƙasar nan ke da shirin raba maganinta ga 'yan makaranta. Don haka dole ne ma'aikatan lafiya su shiga cikin zaɓen wurin koyon, a kuma tabbatar duk yaron da ya shiga ya samu maganin. Ƙasar da ta yi fama da kurkunu har aka tabbatar ta rabu da shi a 2013, da taimakon matan ƙauye masu tace ruwa da ƙyalle, ba za a ce wannan ya gagare ta ba.

Kada kuma a manta da 'ya'ya mata. Su ne ke wanki da ɗiban ruwa, su ne ke goye da ƙanne a bakin tabki, zani da hijabi kuma in suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. A ware musu ranarsu, mata su koya musu, a kewaye wurin da zana, da suturar da iyaye suka yarda da ita. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa an ruwaito Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya kulle shagonsa da kwaɗo biyu kafin ya tafi gida, bai kamata ya bar rijiya buɗe ya ce ya dogara ga Allah ba.

Abu na ƙarshe shi ne abin da za a yi in tsautsayin ya auku. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa a maimakon ɗaya, domin wa ya faɗa ceton ƙane alhali shi ma bai iya ba. A koya wa kowane yaro: ka yi ihu, ka miƙa sanda ko rawani ko zani kana kwance a tudu, ko ka jefa jarkar da babu komai a ciki a rufe, amma kada ka shiga. In an fito da yaro ba ya numfashi, a bar al'adar nan ta zazzage shi ta ƙafa ko danna masa ciki don ruwa ya fito. Ɓata lokaci ne, kuma yana iya sa amai ya toshe masa hanyar iska. Iska yake bukata. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a hura masa numfashi baki da baki har ƙirji ya ɗaga, sau 5, sa'an nan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba da haka ba tsayawa yayin da wani ya tafi neman abin hawa. Ko ya farfaɗo ya yi kuka, a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu na iya tayar da ciwo bayan sa'o'i. Wannan aiki ba a ƙware shi daga karanta jarida. Sai an gwada da hannu a gaban wanda ya sani.

Don haka muna kira ga masu riƙon ƙananan hukumomin Galma Kudawace da Madawa da Buza da Keita da maƙwabtansu, su sa a zagaya a ƙirga ramuka da rijiyoyin da ke cikin gari da bakin kasuwanni kafin ruwa ya sauka, a cike na cikewa, a kewaye na kewayewa, kuma duk ɗan kwangilar da zai kwashi ƙasa a rubuta masa sharaɗin gyara ramin kafin a biya shi. Harajin da ake karɓa a hannun mai tire duk ranar kasuwa, ya kamata ta ga wani abu daga cikinsa ya dawo kan ɗanta. Muna kira ga sarakuna da masu gari su riƙa rubuta duk yaron da ruwa ya ci, da wurin, da lokacin, domin ramin da ya ci yara biyu a san shi da suna. Muna kira ga ƙungiyar agaji ta Kuros Ruj da jami'an kwana-kwana su shigo kasuwanni su koya wa mata da 'yan kabu-kabu da masu amalanke taimakon farko. Limamai da gidajen rediyon karkara su ɗauki maganar. Ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2021 don yaƙi da nutsewa, tana zuwa ne a tsakiyar daminarmu.

Amma kafin hukuma ta motsa, ku 'yan kasuwa kuna iya somawa a zaman asusu na wannan mako. Ku tambayi juna: ranar kasuwa mai zuwa, wa zai riƙe mana yaran? Duk ribar da za a ƙulla a bakin zani don su ake nemanta. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya mana zuri'a, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba iyayensu haƙuri.